Jinyar tsoho ta wuce allura da ƙwaya

Wata bakwai cur muna zuwa asibiti da Babanmu, jininsa ya ƙi sauka. Mu fito daga Unguwar Sanusi a nan Kaduna ana idar da sallar asuba, mu tari Keke, mu je mu ajiye kati mu zauna a benci har rana ta take, a kira shi a ɗaura masa abin awo a hannu a ce 170 bisa 100, wani watan ma ya fi haka, a rubuta a fayil, mu shiga wurin likita ko minti biyar ba a cika ba ya ƙara ƙwaya ɗaya a kan na da ya ce mu dawo bayan sati huɗu. Haka muka yi ta yi. Ni kuma in dawo gida in yi ta faɗa da masu girki a kan gishiri da magi, don a nawa tunanin daga tukunya matsalar take.

Wadda ta gano bakin zaren wata nas ce, babbar mace da ta kusa ritaya, 'yar kudancin jihar nan, ba Musulma ba ce amma Hausa a bakinta tsaf, kuma ta san lokutan sallah kamar yadda na san su. Ta gama auna shi sai ta ƙi sakin hannunsa, ta jawo kujera ta zauna, ta ce da ni, "Malam ɗan ba mu wuri." Na koma bakin ƙofa ina jiyo su. Ta sassauta murya ta ce, "Baba, ƙaramar ƙwayar nan mai sa fitsari, tana hana ka riƙe alwala ko?" Ya yi shiru ya daɗe sannan ya ce, "'Yata, wa ya gaya miki?" Ashe tun watan farko ya daina shanta. Ashe akwai ranar da fitsari ya kufce masa a cikin sahu ana sallar La'asar, dattijo ɗan shekara 74 wanda shi ke buɗe masallacin layinmu, ya zame ya lallaɓa gida bai gaya wa kowa ba har Innarmu. Daga ranar duk maganin da aka miƙa masa sai ya tsince wadda yake zargi ya jefa a gwangwanin da yake ajiye goro, wani lokacin in ya rasa gane wacce ce, tunda idon ya yi rauni, sai ya haɗa da sauran ya zuba. Da daddare na buɗe gwangwanin na ga ƙwayoyi fal, farare da jajaye sun manne da juna, wallahi ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Ita kuwa nas ɗin nan ba ta yi masa faɗa ba ko kaɗan, ta shiga ta yi magana da likita aka sauya masa wata ƙwayar, ta ce kuma ya tambayi limaminsu hukuncin mai yoyon fitsari domin ta ji ana cewa akwai sauƙi a ciki. Wata na gaba jinin ya fara sauka.

Tun daga ranar na riƙe wani ra'ayi da har yau ban sauka daga kansa ba. Tsohon da ke fama da ciwon da ba a warkewa sai dai a lallaɓa, suga ne ko hawan jini ko ƙoda ko shanyewar ɓarin jiki, babban abin da yake buƙata shi ne wanda zai dube shi gaba ɗayansa, jikinsa da abin da ke ransa da gidan da zai koma da aljihun 'ya'yansa da sallarsa, kuma a duk ma'aikatan asibiti nas ce ta fi kowa damar yin haka don ita ke wuni da majinyaci ta kwana da shi, likita zagaye yake zuwa ya wuce. Amma mun mayar da ita mai allura da ɗaura ƙarin ruwa da cika takardu, sauran aikin kuma, wanda shi ne ainihin jinyar, an jibga wa 'yan uwa waɗanda ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu komai.

Kada wani ya ce wannan ai tsarin Turawa ne. E, masana harkar jinya suna yawan kawo labarin Cicely Saunders, Baturiyar Ingila da ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, wadda ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan a 1967, ita ce ta dage cewa raɗaɗin mara lafiya bai tsaya a jiki ba, akwai na tsoro, akwai na tunanin iyali, akwai na tsakaninsa da Ubangijinsa. To amma mu da muka taso muna jin labarin Rufaida da ta kafa tanti a masallacin Madina tana kula da masu rauni, har aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu a tantinta bayan yaƙin Khandaƙ don a riƙa duba shi daga kusa, ai mun riga mun san abin. Kalmar jinya ma a bakin Bahaushe ta fi ba da magani faɗi nesa ba kusa ba, wanda aka ce yana jinya shi ne wanda ya bar harkokinsa ya tare, yana dama kunu yana wanki yana fifita yana hira yana tashi tsakar dare.

Jikin tsoho yana da nasa sha'anin, kuma nan ne muke yawan yin kuskure, mu da ma'aikatan duka. Akwai lokacin da Baba yake shan ƙwaya tara a rana daga wuri uku, na asibiti, da na ciwon gwiwa da ake sayo masa a kemis, da wani garin magani da abokinsa ya kawo masa a ƙulli. Nas ɗin nan ce dai ta ce, "Wata mai zuwa ku zubo min duk abin da yake sha a leda, har na gargajiya, ba faɗa zan yi muku ba." Da muka kawo ta zazzage a kan tebur ta ɗaga diclofenac ta ce tun yaushe yake shan wannan, muka ce ya kusa shekara biyu, ta riƙe baki. Ashe irin waɗannan magungunan kashe zafi, shi da ibuprofen da danginsu, suna ɗaga jini kuma suna cin ƙoda, musamman ga tsoho mai suga. Mai kemis bai san Baba na da hawan jini ba, likita bai san yana shan na kemis ba, mu kuma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba tunda kowa na sha. A duk faɗin garin nan ba wanda ya taɓa ganin magungunan Baba a haɗe wuri ɗaya sai ranar.

Haka ranar da sugansa ya faɗi. Haƙori ne ke masa ciwo bai iya cin abincin safe ba amma an ba shi ƙwayar suga kamar kullum, wajen hantsi sai gumi, jiki na rawa, yana magana ba kai ba gindi yana kiran sunan yayansa da ya rasu tun muna yara. Gida ya rikice, wannan na tofi wannan na cewa gigin tsufa ne ya fara, wata ma ta ce a kira mai ruƙiyya. Allah Ya taimake mu ɗan maƙwabcinmu da ke karatun jinya yana gida, ya zo da ɗan abin awo ya huda yatsa ya ce ya yi ƙasa da 4, a jiƙa sukari a ruwa maza tunda yana iya haɗiya. Cikin ɗan lokaci Baba ya dawo hayyacinsa yana tambayar me ya tara mu. Shekara nawa muna zuwa asibiti kullum maganar kar suga ya hau ake mana, ba wanda ya taɓa ce mana faɗuwarsa ta fi saurin kisa, kuma ga alamominta kaza da kaza. Ban raina tofi ba, ni ma na yi masa a ranar kuma ina yi har ƙarshen rayuwarsa, amma da mun tsaya a kansa shi kaɗai da labarin ya sha bamban.

Maganar abinci kuwa ita ce ta fi ba ni haushi. Da an ce mutum na da suga sai kowa ya zama likita, kar ya ci tuwo kar ya ci shinkafa kar ya sha fura kar ya taɓa doya, sai wake da alkama da acha da shuwaka. Mutumin da ya shekara saba'in yana cin tuwon masara miyar kuka da daddare ka wayi gari ka ce ya rabu da shi, ga acha da tsada, ga gida mai mutum goma sha biyu tukunya ɗaya ake ɗorawa. Baba ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, mu muna murna wai muna kiyaye doka. Alhali alkamar ma tana ɗaga suga in an cika kwano, maganar ta fi karkata ga yawan abin da aka zuba da lokacin da aka ci da yawan ganye da miyar da aka haɗa da shi. Da aka samu wadda ta tambaye mu me kuke dafawa a gidanku, ta ce a rage malmala a ƙara zogale da kuɓewa, a daina lemon kwalba da shayi mai sukari, a rage gishiri da ɗunƙulen magi ga kowa da kowa ba shi kaɗai ba, sai ga shi ya koma cin abinci tare da jikokinsa.

Sai kuma babbar jarrabawar ta zo, wata asuba ya tashi zai yi alwala buta ta faɗi daga hannunsa, baki ya karkace, ɓarin hagu ya tafi. Aka ba shi gado. Ba zan kama sunan asibitin ba don abin da na gani a can na san haka yake a wurare da yawa. Da daddare nas biyu ne a ɗakin maza da ya cika maƙil, 'yan jinya mun shimfiɗa tabarmi a baranda sauro na cinmu, mu ne masu juya marasa lafiya, mu ne masu zubar da fo, mu ne masu gudu kemis tsakar dare da takarda a hannu. Bayan kwana goma sha ɗaya aka ce an sallame ku, aka miƙo mana takardar magani da ranar dawowa da ranar zuwa gashi, shikenan. Muka ɗauko mutumin da ba ya iya juya kansa, da robar fitsari a jikinsa, muka kawo shi ɗakinsa muka kwantar a kan katifa, muka shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado don kar katifar ta lalace, ga shi watan Afrilu ne zafin Kaduna na tashe ga wuta ba ta zama.

Sati uku bai cika ba ƙanwata ta kira ni ta ce Yaya zo ka gani. A ƙasan bayansa daidai kan ƙashin nan wuri ya yi baƙi ya sale kamar an ɗora masa dutsen guga, dunduniyarsa ta hagu ma ta fara. Bai ji ba, tunda ɓarin ya mutu ga kuma suga da ke kashe jijiyoyin ƙafa. Wannan gyambon wata biyar muka yi muna fama da shi, kullum wanki kullum bandeji, kuɗin da ya ci ya ninka na kwanciyar asibitin, warin da yake yi ya sa jikokinsa suka daina shiga ɗakin, kuma na ga yadda hakan ya karya masa zuciya fiye da shanyewar kanta. Abin da zai hana wannan duka kuwa bai kai bayanin minti goma sha biyar ba. A riƙa juya shi duk bayan kamar awa biyu, dama, baya, hagu, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a ɗage dunduniya kar ta zauna a kan katifa, kar a bar shi cikin jiƙa ko gumi, a miƙar da zanen gado kar ya tattare, a duba bayansa da ƙafafunsa kullum da fitila, in an ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu ya ƙi komawa to a ɗauke nauyi daga kansa nan take. In za a ba shi kunu a zaunar da shi sosai a ba shi kaɗan kaɗan, don mai shanyewar jiki yana ƙwarewa abinci ya faɗa huhu ya zama wani ciwon. Duk wannan a bakin wani nas namiji da muka riƙa biya yana zuwa gida wankin gyambo na koya, bayan aikin gama ya gama. Har yau in na tuna nakan ce ina ma ranar sallama wani ya ce min zo nan, kama kafaɗarsa haka, sa hannunka a ƙugunsa haka, juya in gani.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a fayil, kunya. Baba ya daina shan ruwa. Mu yi ta lallashi ya ce ba ya jin ƙishi, ashe bayan an cire robar an koma famfas ba ya son 'yarsa ta cikinsa ta riƙa ganin tsiraicinsa, gara ya ƙi sha ya ƙi ci don kar a zo gyara shi. Fitsarin ya koma ja, zazzaɓi ya shiga, ya sake rikicewa yana sambatu, aka ce ciwon mafitsara ne, a tsofaffi kuma sau da yawa da ruɗewa yake fara bayyana kafin komai. A nan laifin namu ne mu maza 'ya'yansa, ba na asibiti ba. Mu huɗu ne amma mun ɗauka namu shi ne turo kuɗi da leƙowa da yamma a ce Baba ya jiki, a tafi. Ranar da na tuɓe agogo na naɗe hannun riga na rufe ƙofa na ce Baba daga yau ni zan riƙa yi maka, bai ce komai ba, ya dai juya fuskarsa bango, da na gama ya ce "Allah Ya yi maka albarka" da bakinsa da ya karkace, ya nemi ruwa ya sha kofi guda. Ina roƙon 'yan uwana maza don girman Allah mu daina barin wannan ga mata. Kuma a asibiti ma labule ba ado ba ne, dattijon da ake buɗewa a gaban ɗaki guda ana kiransa da lambar gado ana cewa a juya na shida, da kunnensa yana ji.

Baban namu shekara ashirin da wani abu ya yi yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri lokacin da garin nan yake garin masaƙa, bayan an rufe su ya koma zaman dakalin ƙofar gida da rediyonsa, Rediyon Tarayya Kaduna da safe BBC da daddare, shi ake kawo wa ƙarar rikicin maƙwabta, shi ke karɓar sadaki. Da ciwo ya kwantar da shi sai muka tura shi ƙuryar ɗaki wai don kar a dame shi, muka daina shawara da shi, ana maganarsa a gabansa kamar ba ya wurin. Ya daina magana ya daina neman rediyo, mu kuma muna cewa Baba ya yi tawakkali. Ba tawakkali ba ne, damuwa ce irin wadda likitoci suka sani kuma suke da maganinta, amma ka ce za ka kai tsoho asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ka ji yadda dangi za su taso maka wai ka ce ubanku ya haukace. Nas ɗin da ke zuwa wankin gyambo ne ya ce, "Ku samo keken guragu ku riƙa fito da Baba zaure bayan La'asar mana." Muka aro, muka fito da shi, tsofaffin abokan aikinsa biyu suka fara zuwa suna tuna masa labarin masaƙa da zamanin da ake biyan albashi a ambulan, liman ya zo ya nuna masa yadda zai yi taimama ya yi sallah a zaune ko a kishingiɗe, ya ce masa azumin ma an ɗauke masa sai ciyarwa, domin wannan ma ashe yana cin ransa. Ba ƙwayar da ta yi masa abin da zauren nan ya yi masa.

Ita kuma ƙanwata da ta rufe shagon ɗinkinta kusan shekara biyu, bayanta ya riƙe saboda ɗaga shi, barcinta ya lalace, duk mai shigowa Baba yake tambaya, ban taɓa jin wanda ya ce ke ya naki jikin ba. Innarmu ma da nata ciwon gwiwar. Mai jinya in ta faɗi majinyacin ma ya faɗi, don haka duk nas ɗin da ta san aikinta za ta dubi wadda ke tsaye a gefen gado ita ma.

Na san abin da wasu za su ce, wai nas-nas ɗinmu ba su da kirki, masifa da tsawa da latsa waya. Na gani, an yi min tsawa a gaban mahaifina a kan na tambayi abin da ban gane ba, kuma ba zan kare wannan halin ba, wadda ba za ta iya tausasa harshe ga sa'an kakanta ba ta nemi wata sana'ar. Amma tsakani da Allah a faɗi ɗaya gefen. Mace biyu a ɗaki guda cike da marasa lafiya daga dare har safe, ga ba safar hannu sai 'yan jinya sun sayo, ga albashin da ba ya kai wata, yaushe za ta jawo kujera ta tambayi tsoho labarin alwala? Hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozoma rajista a ƙasar nan da bakinta ta ce a farkon 2024 sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, da yawansu suna Ingila suna juya tsofaffin wasu duk bayan awa biyu, aikin da muka rasa mai koya mana a nan. Ban ga laifinsu ba. Amma duk wanda ke son a yi wa ubansa jinya mai kyau dole ya damu da a ɗauki ma'aikata a biya su, ba a raba maganar biyu.

Wasu kuma za su ce mu Hausawa ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi. Na yarda ɗari bisa ɗari, ni ma ba zan kai ba kuma ba shi nake nema ba. To amma tunda a gida muka zaɓa mu riƙe su, ai sai ilimin ya biyo su gidan. Riƙe tsoho a ɗaki yana ruɓewa a kan leda don ba mu san yadda za mu yi ba, wannan ba abin alfahari ba ne.

A takarda dai an yi abubuwa. A 2018 Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, a 2021 aka amince da manufar ƙasa kan tsufa, a 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya da ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a ɗauki nauyinsu, a nan jiha ma muna da KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, tun dokar 2018. Asibitin koyarwa na Ibadan tun 2012 ya buɗe cibiya guda ta tsofaffi zalla. Kaduna da ke da asibitocin koyarwa na Barau Dikko da na Shika da asibitin ido na ƙasa da na kunne da na ƙwaƙwalwa ba ta rasa ƙwararru ba, abin da tsoho ya rasa shi ne wanda zai haɗa masa su, yau ido a Mando gobe suga a wani wuri jibi gashi a wani wurin, kowanne da layinsa da katinsa da kuɗin motarsa, tun daga 2023 kuma da aka cire tallafin mai naira ta faɗi, kuɗin Keke da kuɗin magani suka tashi tare, na san gidajen da ake raba ƙwayar hawan jini biyu don ta kai ƙarshen wata.

Mazaɓu 255 gare mu a jihar nan kuma an sha gaya mana an gyara asibitin sha-ka-tafi a kowace mazaɓa. Madalla. Awon ciki da rigakafin yara da zazzaɓi suna samun kulawa a can kuma ya kamata su samu. To me zai hana a ware rana ɗaya a sati ta tsofaffi, a auna jini da suga a duba ƙafa a zazzage ledar magani, sannan ma'aikacin lafiya ya riƙa leƙa waɗanda ke kwance a gida ko sau biyu a wata? Kada a ce ba zai yiwu ba. Shekara da shekaru muna ganin 'yan mata da akwatin rigakafin shan inna suna bin gida gida lungu lungu daga Rigasa har Kawo suna rubutu da alli a bango, masu unguwanni na raka su, har aka ce a 2020 mun rabu da asalin cutar. Waɗannan ƙofofin dai su ne, a bayansu akwai kakannin yaran da aka ɗiga wa maganin. Kuma kowane asibiti ya mayar da shi doka, ba a sallamar tsohon da ba ya iya juya kansa sai nas ta tsaya da mutum biyu daga iyalinsa, mace da namiji, ta nuna musu da hannu sun yi ta gani, ta ba su lambar da za su kira. Masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin agaji ma za su iya gayyatar nas ɗaya ta yi wa unguwa wannan bayanin ranar Asabar, a haɗa kuɗi a sayi keken guragu biyu na aro.

Baba ya rasu a hunturun da ya wuce, a ɗakinsa, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ni da ƙanena muka yi masa wanka, bayansa ya warke sumul sai tabo. Satin da ya wuce aka sallamo mahaifiyar maƙwabcinmu daga asibiti, ita ma ɓarin jiki, da takardar magani da ranar dawowa. Na tura ƙanwata ta shiga ta duba ta, ta fito ta ce Yaya leda suka shimfiɗa mata, kuma dunduniyar dama ta riga ta yi ja. Ta cire ledar ta nuna wa surukar yadda ake juyawa, gobe za ta koma da filo biyu daga cikin na Baba.